Ranar Da Ban Ce Ga Ta Nan Ba

Zuwa ga Babana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, ya sa motar da ka shiga ta sauke ka lami lafiya a duk inda ka ce wa direba ya tsaya. Yaya hanya? Yaya gajiya, yaya kuma zafi? Na san sai ka cinye dambun naman nan ka kai ƙasan leda kafin ka ga takardar, shi ya sa na ajiye ta a can, don na san ɗana. Ci abinka, ka goge hannu, sannan ka karanta, kada ka shafa min mai a rubutu.

Ba zan ja ka da nisa ba. Na san babu wata bautar ƙasa da aka tura ka. Ranar Asabar da ka fito da kayanka za a kai wanki, na lalube aljihun shuɗiyar shaddarka kamar yadda na saba tun kana firamare, sai na ci karo da takardar jami'arku. Shekara talatin na yi ina koyarwa, ritaya kuma ba ta kwashe min karatu ba. Darasi ɗaya ya kayar da kai, sai ka maimaita shi kafin su sallame ka. Na tura takardar cikin jakar littattafanka, na zauna ina kallonka kwana uku kana ba mu labarin garin da aka tura ka can Kudu, da fararen gajerun wanduna da aka ce ku je da su, da bokiti, da gidan sauro. Har da ƙorafi fa! Wai kai ka so a bar ka a Arewa, amma ba ka da wanda zai tsaya maka. Kai, Babana, Allah ya yi maka baki. Da ban ga takardar ba, da ni ma na taya ka jin haushi.

Dabararka ma na gano ta. Za ka koma garin da makarantarku take, ka raɓe a ɗakin wani aboki, ka sake jarrabawar a ɓoye, duk mako ka bugo waya ka ba mu labarin ruwan saman Kudu da abincinsu. Shekara guda cur kake shirin yi kana ciyar da mu da labari. Ban gaya wa Malam ba. Shi kuwa mahaifin naka ya riga ya sanar a masallaci, liman ya yi maka addu'a, jiya ma na ji shi a zaure yana tambayar wani mai fataucin shanu ko hanyar garin tana da kyau.

Ba zagi na zauna in rubuta maka ba, da zagi ne da a baki zan yi, ka san ban rasa shi ba. Abin da ke bakinka a wurina ka gaje shi, kuma na san inda yake kai mutum, don ni ya kai ni. Akwai labarin da ban taɓa ba ku ba, kai da yayyenka. Yau zan ba ka shi.

Ina da shekara tara aka gama yaƙi. Kakanka, wanda ka ci sunansa, soja ne. Ya tafi Kudu ya bar Inna da ni da ƙanwata Ladi, wato Umma Ladinku ta Sabon Gari, wadda a lokacin da nake faɗa maka shekararta biyar. Mazan mutane suka yi ta dawowa, wani da rediyo a kafaɗa, wani da sandar dogarawa. Namu shiru. Ɗakinmu yana bakin hanya, ba nisa da gada, duk motar sojan da ta taho sai ka ji ƙasa tana rawa, Inna ta ajiye taɓarya ta leƙa ta saman zana. Dakau take yi wa mutane, a sallame ta da tsaki da dusa da abin da ya samu. Ranar da ba a kawo daka ba, ba a hura wuta a gidanmu.

Ku 'yan yanzu kuna cewa yunwa in an makara da abincin rana. Yunwar da nake nufi tana da lokacinta. Tsakanin azahar da la'asar take zuwa da ƙarfinta, lokacin da hayaƙin gidajen maƙwabta ya fara tashi, iska kuma ta kwaso ƙanshin kifin da ake suya a bakin gada ta kawo mana har cikin ɗaki. A daidai lokacin Ladi take fara kuka, kukan da ba hawaye, sai dai murya. Ni kuma ba ni da abin ba ta. To, wata rana sai na zaunar da ita a inuwar zana na ce, “Ga ta nan, ga ta nanku.” Ta zaro ido, ta ce, “Yaya, rana ce fa!” Ka san tsofaffi sun ce ba a tatsuniya da rana, wai wanda ya yi zai ɓata a hanya. Nan take na ƙirƙiro magani, na ce in aka ƙulle bakin zane ba a ɓata. Ta ƙulle nata, na ƙulle nawa, ta ce, “Ta zo mu ji ta.”

Ban yi mata irin wadda kowa ya sani ba. Tawa na ƙera, ta motar Baba. Wata babbar motar soja ce Baba yake tuƙowa daga Kudu, a bayanta an ɗora tukunyar shinkafa wadda sai da tsani ake leƙa ta. Kullum motar tana hanya, kullum kuma akwai abin da ya tsayar da ita. Yau wata gada ce ta ce ba za ta ɗauki nauyin ba sai an ɗanɗana mata. Gobe kada ne ya kwanta a tsakiyar titi, ya rantse ba zai tashi ba sai an ba shi burodi da shayi mai madara, shi kuma Baba yana ta lallashinsa don sukari ya kusa ƙarewa, na Ladi ne ya rage. Jibi taya ce ta fashe, da aka duba ashe ƙosai ne cike a cikinta. Kowace rana Baba yakan aiko mana da ɗan taɓi ta hannun wata shamuwa. Ladi ta miƙo ƙoƙonta, in ɗebo iska da ludayi in zuba mata, ta leƙa ta taɓe baki ta ce miya ta yi kaɗan. In ƙara mata. Ta ci, tana tauna, tana lashe yatsu, wallahi har gyatsa take yi.

Kafin wata guda yaran unguwa sun gano mu. Su ma ai ba ƙoshi suke yi ba. Kowa ya zo da ƙoƙonsa da abin da yake so a sauke masa daga mota, wannan taliya, wancan tsire, wata yarinya kullum ita dai alewa. Wanda bai ƙulle bakin rigarsa ba in kore shi, don ni ce mai mota, ba a yi min gardama. Inna tana ji daga bakin turmi, ba ta hana ba. Wani lokaci ma tana cikin daka sai ka ji ta ce, “In kun gama, a kankaro min ƙanzon.” Mu kwashe da dariya. Kafin motar ta sake maƙalewa la'asar ta yi, rana ta yi sanyi, mun tsallake wannan yinin.

Saboda haka, Babana, kada ka ji na ce baiwar da Allah ya ba ka mugun abu ce. Ita ta riƙe ni, ita ta riƙe Ladi, ita ce kuma daga baya ta sa 'yan aji ɗaya suke zama tsit a gabana ba tare da na ɗaga bulala ba. Ina alfahari da ita har gobe. Amma ka lura da abu ɗaya. Ban taɓa tayar da motar nan ba sai na ce ga ta nan, an amsa min ta zo mu ji ta. Wannan 'yar maganar da kuke ɗauka wasan yara, neman izini ce. Mai ji ya yarda da bakinsa a yi masa ƙarya, ya san inda ta fara, ya san inda za ta ƙare, in an tashi ya kwance bakin zanensa ya koma duniya. Ladi ba ta taɓa zuwa bakin titi neman tukunyar shinkafa ba, duk da ƙanƙantarta.

Kuskurena na farko rana ɗaya na yi shi, da tsakar rana. Wani mutumin Kausani da suka yi soja tare da Baba ya dawo, ya zo ya yi sallama a ƙofar gidanmu. Ya ce a gabansa Baba ya faɗi a bakin wani rafi, bai kuma tashi ba. Dangi suka yi salati, suka karɓa. Yayan Baba, Baffa Sule na Lajawa, ya aiko cewa ranar Lahadi zai zo da malami a yi addu'a, Inna ta shiga takaba, ya kwashe mu mu koma can inda akwai gona da rumbu. Inna ba ta yi kuka ba. Ta kifa turmi ta zauna a kai, kwana biyar ba ta daka ba, ba ta yi magana ba, ruwa ma sai na kai mata baki.

Ranar Juma'a na tafi kasuwa tsintar hatsin da ke zubewa a wurin 'yan awo. Na dawo da ɗan abin da bai cika tafin hannu biyu ba, na tarar da Ladi jikinta zafi rau, tana ta wannan kukan nata. Na rikice. Garin sauri ban ƙulle zane ba, ban ce komai ba, na dai durƙusa na ce, “Ladi, yi shiru, yau na ga Baba a kan gada.”

Sai na ji murya a bayana. Ka san ni ce 'yar fari, Inna ba ta taɓa kama sunana ba, daga “ke” sai “'yar nan”. Ran nan ta kama.

“Hajara. Ban ji kin ce ga ta nan ba.”

Ka ga, ta ba ni hanyar fita. Da na ce mantawa na yi, da shi ke nan. Amma na juya na ga fuskarta, na ga idon da ya yi kwana biyar a mace ya farfaɗo yana kallona. Na ce, “Ba tatsuniya ba ce, Inna.” Ban tsaya nan ba, da yake bakin ya saba. Na ce a bayan motar soja yake, motar ta yi hanyar Kano ba ta tsaya ba, ya hango ni ya ɗago min hannun hagu, hularsa a ture gefe guda, yana faɗin wata magana ƙarar inji ta hana ni ji. Kakanka bahago ne, kuma haka yake sa hula. Inna ta miƙe, ta tayar da turmi, ta share tsakar gida, ta hura wuta, ta dama kunu da ɗan hatsin da na tsinto, ta sha, ta ba Ladi. Ni kuwa ina gefe ina jin kaina kamar wadda ta yi aikin Hajji.

Ka ji inda haɗarin irinmu yake. Wanda bai iya ba, in ya yi ƙarya kafin ya rufe baki an kama shi, a yi masa dariya a wuce. Mu da muka iya, mun san daidai inda za mu soka 'yar gaskiya guda ɗaya ta riƙe sauran. Hannun hagu ne nawa, bokiti da gidan sauro ne naka. Kuma ni da kai duk ba don mugunta muka yi ba, fuskar wanda muke ƙauna muka kalla muka kasa. Duk ranar da ka ji labari yana zuwar maka da santsi a gaban wanda bai ce ta zo mu ji ta ba, ka kama bakinka.

Ranar Lahadi Baffa Sule ya iso da jakuna biyu da malaminsa. Inna ta tare shi daga bakin ƙofa, ta gaishe shi da ladabi, sannan ta ce, “Yaya, mutumin Kausani faɗuwarsa ya gani, 'yata kuwa a tsaye ta gan shi shekaranjiya. Ba zan yi takabar mai rai ba. Kuma ba zan bar bakin hanyar nan ba, ya zo ya tarar da ɗaki a rufe.” Aka yi juyin duniya ta ƙi. Baffa ya ja ni gindin darbejiyar ƙofar gida, ya tsuguna har kansa ya yi daidai da nawa. Mutum ne mai sanyin hali. Ya ce, “Hajara, tsakaninki da Allah, kin gan shi? In wasa kike yi wa ƙanwarki, faɗa min a kunne, ba wanda zai taɓa ki, ni zan san yadda zan yi da innarki.” Na dube shi ido cikin ido na ce na gan shi. Ya sauke mana 'yar dawar da ya zo da ita, ya kora jakunansa suka koma ba kaya.

Wannan shi ne na biyu, kuma ya fi na farko muni, don na farko suɓutar baki ne, wannan kuwa da hankalina na yi. Bayan nan aka shiga shekarun fari. A Lajawa ma an sha wuya, amma 'ya'yan Baffa ba su taɓa yini biyu ba su ci ba, mu kuwa mun yi. Mun ci tafasa ba gishiri, mun ci dusa. Gashin Ladi ya yi ja, ƙafafunta suka koma kamar sillen kara. Gajartar nan da kuke tsokanar Umma Ladi da ita, kuna cewa sai ta taka kujera take sauke tukunya, ba halitta ba ce, a dangin Baba babu gajere. Ni na san daga inda ta samo ta.

Kowace Juma'a Inna sai ta yafa mayafi ta je ta tsaya a bakin gada, tana duba bayan kowace babbar mota. In na ga jikinta ya fara sanyi, ta fara komawa kan turmi, sai in sake ganinsa. Sau biyu na ƙara, sau ɗaya a tasha, sau ɗaya a kasuwar shanu. Motar Baba kuwa ta tatsuniya tun ranar nan ta mutu, don duk lokacin da na ce ga ta nan, sai Ladi ta ce ita ba ta son ta wasa, in ba ta ta gasken. Abin da yake raba mu da yunwa da rana, ni da kaina na lalata shi.

Kai ma haka taka za ta yi maka, kada ka ɗauka ka fi ni dabara. Kafin sati biyu Malam zai ce ka turo hoto da kakin bautar ƙasa, ka je ka ari na wani. Yayarka za ta ce ka kunna bidiyo ta ga ɗakinka. Wani ɗan unguwa zai gan ka a bakin makaranta, ka ƙera dalili. In shekara ta cika a ce ina takardar shaida? Kowace amsa sai ta fi ta baya girma, kuma kai kaɗai za ka yi ta ɗauka, ga karatun da ya kamata ka sa wa hankali yana jiranka. In Allah ya haɗa ka da mai tsugunawa ya ce faɗa min a kunne, kada ka yi abin da na yi wa Baffa. Ga shi ni na tsuguna.

Na uku shi ne jiran lokacin da ya dace. Na ce sai fari ya wuce. Ya wuce, na ce sai na gama makaranta. Na gama, na ce sai na yi aure na ɗauke ta daga bakin hanya. Sai da na haifi yayyenka uku, Inna ta tsufa tana zaune a wurina, sannan wata rana da hantsi muna ɓarar gyaɗa a tsakar gida na yi ta maza. Na ce, “Inna, ki yafe ni don Allah. Ban ga Baba a kan gada ba. Ban taɓa ganinsa ba. Ƙarya na yi.” Na sunkuyar da kai ina jiran kuka, ko tsinuwa, ko mari, duk wanda ya zo na shirya masa.

Ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta fasa gyaɗa ta jefa a kwano, ta ce, “Yau dai kike ƙarya. Kin gaji da jira ne, ni kuwa ban gaji ba.” Na rantse da Allah. Ta ce, “Kul! Je ki yi kaffara. 'Yar shekara tara ina ta san ƙarya har da hannun hagu?” Na yi kuka, na kama ƙafarta, na sake faɗa bayan wata guda, na sake bayan shekara. A banza. Har ta koma ga Allah tana cewa in ya zo a gaya masa ba ta yi fushi ba. Kakanka kuwa har yau ba a taru an yi masa addu'ar mamaci ba, ko ta uku balle ta arba'in, saboda 'yarsa ta ce yana raye.

Wannan ne abin da ban sani ba sai da na gani, Babana. Na ɗauka gaskiya tana nan ajiye, duk ranar da na ga dama in ɗauko in miƙa. Ashe in ta daɗe, mai ita ba ya karɓa. Taka kwananta bakwai kacal. Yanzu in ka faɗa, magana ce ta yaro ya ji kunya ya yi wauta. Bayan shekara guda kuwa ta zama ɗa ya mayar da ubansa abin dariya a masallacin unguwa, kuma wannan ban san ko Malam zai iya haɗiye ta ba.

Saura na huɗu, wanda kai na yi wa, kuma sai da na ga takardar nan na gane shi. Kana shekara shida ka dawo daga bakin kogi da gudu, ka ce wani tarwaɗa ya leƙo ya tambaye ka ko Malama Hajara tana ba da hutu ranar kasuwa. Yayyenka suna ta dariya. Ni kuwa muryata na ji a bakinka. Na kai maka duka a baki, na ce a gidana ba a ƙarya. Ka tuna? Na san ka tuna. Abin da ya kamata in yi shi ne in zaunar da kai in ce, a'a, fara da ga ta nan, sannan ka gaya min abin da tarwaɗan ya ce. Da na koya maka inda ake sa wa labari ƙofa. Dukan bai hana ka ƙirƙira ba, ya dai koya maka ka riƙa yin wadda ba za a gane ba.

Sannan ga bakina. Sau nawa na faɗa a gaban baƙi cewa 'ya'yan Malama Hajara ba sa faɗuwa jarrabawa? Yayarka ta zo ta uku a aji, na ƙi karɓar sakamakon, na ce ta kai wa waɗanda suka zo na ɗaya da na biyu su taya ta murna. Kana tsaye kana ji. To yaron da ya tashi a wannan gida, ya faɗi darasi, ina zai kai shi? Ban bar muku wurin ajiye faɗuwa ba. Wannan laifina ne, na ɗauka, ka yafe min. Amma kada ka yi murna da wuri, ƙaryar dai taka ce, kai za ka kwance abarka.

Darasi ɗaya, Babana! Haba. Mutane nawa suka maimaita shekara suna nan suna cin tuwonsu? Malam zai yi faɗa, ba zan ɓoye maka ba. Zai ce innalillahi sau uku, zai ce ka tashi ka ba shi wuri, zai ƙi cin abinci a yi ta kai masa ana dawowa da shi. Kwana biyu. A na uku zai aiko a tambaye ka yaushe ake komawa makarantar. Shekara talatin da takwas ina zaune da mutumin nan, na san tsawon fushinsa kamar yadda na san tsawon zanena. Maganar masallaci kuma shi ya san yadda zai faɗa musu, dattawa ne, kowannensu yana da ɗa.

Da na so, da na tare ka tun ranar Asabar. Na yi ta juya abin, ina cewa bari ya faɗa da kansa. Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne abin da ya faru jiya da la'asar. Kana gani Umma Ladi ta sauko daga adaidaita da ciwon gwiwarta, ta kwance ƙullin hankici ta fito da hoton kakanka, wanda yake sanye da kaki. Ta ce, “Tunda Allah ya kai ka can, ka riƙa nuna wa tsofaffinsu. Wataƙila aure ya yi ya zauna, wataƙila muna da 'yan'uwa. Ai bai mutu a yaƙin ba, Yaya Hajara ta gan shi da idonta.” Ka sa hannu biyu ka karɓa, ka ce in sha Allahu, Umma. Ina tsaye riƙe da buta. Na dube ka, na dubi kaina, na dubi 'yar tsohuwar nan da ta yarda da mu duka biyun. Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba. Na gaya wa Inna gaskiya ta ƙi karɓa, amma Ladi ban taɓa gaya mata ba. Shekara hamsin da ɗoriya ina cewa sai lokacin da ya dace.

To, ga abin da na yanke. Ranar Juma'ar nan, in an sauko daga masallaci, zan tafi Sabon Gari in zauna a gaban ƙanwata in gaya mata ban ga Baba ba. Ban san me za ta yi ba. Wataƙila ta ce yau nake ƙarya, wataƙila ta tuna shekarun dusa ta ce in fita mata daga gida, kuma tana da gaskiya in ta faɗa. Tsoro nake ji, ban ɓoye maka ba. Amma zan je, ko ka zo ko ba ka zo ba. Daga nan in roƙi Malam ya tara mutane a yi wa mahaifina addu'ar da na hana shi.

Ina so ka raka ni. Ka zauna a gefena ka ji yadda tsohuwa take faɗin tata, in mun dawo gida ni kuma in zauna a gefenka a zauren Malam ka faɗi taka. Ba zan yi magana a madadinka ba, ba kuma zan tashi ba sai ka gama. Ban turo kowa ya nemo ka ba, ba zan kuma bugo waya ba. Motar garinmu Wudil ba ta yankewa ranar Juma'a, ka fi ni sani. Na san za ka shigo ta, don yaron da ya kasa kallon fuskar ubansa ya ce na faɗi, ba zai iya shekara guda yana jin muryarsa a waya yana sa masa albarka a kan abin da babu ba.

Allah ya tsare min kai a inda ka kwana da inda ka yini, ya kare ka daga sharrin hanya da sharrin bakinka, ya ba ka sa'ar darasin nan, ya sa ka yi bautar ƙasar ta gaske muna raye. Allah ya yi maka albarka, albarkar da ban janye ko ƙwayarta ba. Ka sa hoton a tsakiyar littafi in za ka taho, kada ya lanƙwashe, shi kaɗai gare mu, kuma a hannunta za ka mayar da shi.

Wassalam.

Ummanka,
Hajara